Tabon da Ba Ya Ciwo: Bayani a Kan Sankarar Hanyoyin Jini

Jama'ar Dungas da Magariya, da na Dogo-Dogo da Guci da Malawa, da na Bande da Waca, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka, wajen Maigatari da Babura, waɗanda muryar nan ke iskewa, barkanmu da war haka.

Amma bayan haka, mas'alar da za mu yi magana a kanta yau ba ta cikin cututtukan da suka saba sallama a gidajenmu kowace damina, kamar zazzaɓin sauro da tamowa, kuma mai yiwuwa ne mutum ya yi furfura a garin nan bai taɓa ganin mai ita ba. Sai dai da yake abin da ba a saba gani ba shi ne aka fi yi wa mummunar fassara, kuma da yake ita wannan cuta tana fara bayyana ne a fili, a bisa fata, inda idon mai ita da idon matarsa da idon wanzaminsa za su iya ganinta tun tana ƙarama, ya zama akwai fa'ida babba a san siffarta. Ina nufin sankara, ko ciwon daji, wadda ke tsirowa daga hanyoyin jini.

Likitoci sun tabbatar cewa kowace jijiya da jini ke gudana a cikinta, tun daga manyan da ke fita daga zuciya har zuwa 'yan ƙananan da ido ba ya gani, Allah ya yi mata wani shafe mai santsi daga ciki, tamkar yadda mai ginin rumbu ke shafe cikinsa don kada hatsi ya haɗu da ɓarɓashin ƙasa. Haka nan kuma akwai waɗansu hanyoyi na dabam, masu ɗauke da wani farin ruwa suna bi da shi ta cikin kaluluwa, su ma da irin wannan shafe. To, idan ƙwayoyin halittar wannan shafe suka fita daga ƙa'idar da aka ɗora su a kai, suka shiga hayayyafa ba tare da haddi ba, sai su gina tarin 'yan jijiyoyi marasa tsari waɗanda jini ke tsattsafowa daga cikinsu yana kwanciya a nama, shi ya sa tabon da suke haifarwa yakan zo da duhun launi. Irin wannan sankara iri-iri ce, amma biyu ne suka cancanci a tsaya a kansu, kuma aƙibarsu ta sha bamban ƙwarai.

Ta farko, wadda ta fi yawa a ƙasashen Afirka, ana kiranta sankarar Kaposi, da sunan wani likitan fata, Moritz Kaposi, mutumin Hangari da ke aiki a birnin Biyana, wanda a shekarar 1872 ya rubuta bayanin waɗansu maza biyar da ya gani da baƙaƙen ƙulluttai a fatarsu, galibi a ƙafa da hannu. An daɗe ana ɗaukarta cutar tsofaffin maza na gefen Bahar Rum da gabashin Turai, mai tafiyar hawainiya, wadda tsoho zai yi shekara goma ko fiye yana ɗauke da ita har wani ajalin dabam ya riske shi. Daga baya, wajen shekarun 1950, likitocin da ke aiki a Yuganda da gabashin Kwango suka lura tana da yawa a can, a jikin maza majiya ƙarfi, har da yara ƙanana. Ina roƙon masu sauraro su riƙe waɗannan shekaru da kyau, domin duk wannan ya faru ne tun duniya ba ta san wani abu wai shi Sida ba.

Sai a 1981 hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ba da sanarwar cewa ana ganin wannan sankara ta tsofaffi a jikin samari a New York da Kalifoniya, tana kuwa cin su da gaggawa; wannan na cikin alamomin farko da suka sa aka gane ɓullar cutar da mu a nan muke kira Sida, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma suke kira ƙanjamau. Asalin sababin kuwa bai bayyana ba sai 1994, sa'ad da waɗansu masana biyu, miji da mata, Patrick Moore da Yuan Chang, na Jami'ar Kolombiya, suka gano wata ƙwayar cuta a cikin naman tabon, wadda yanzu ake kira HHV-8. Ba a samun sankarar Kaposi sai da wannan ƙwaya. Amma ƙwayar ita kaɗai ba ta isa ba, kuma nan ne hikimar al'amarin take: mutane da yawa a nahiyarmu suna ɗauke da ita tun suna yara, galibi ta hanyar yawu suka same ta a cikin gida, kuma mafi yawansu za su rayu su mutu ba ta taɓa yi musu kome ba, saboda garkuwar da Allah ya sanya a jikin ɗan Adam ta danne ta. Sai ranar da garkuwar ta yi rauni, ko don tsufa, ko don Sida, ko don magungunan da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda, sa'an nan ƙwayar ta sami sarari.

Daga wannan bayani hukunci biyu ke fita, kuma ban yarda a ɗauki ɗaya a bar ɗaya ba. Wajibi ne duk wanda aka ga wannan tabo a jikinsa a auna jininsa a ga ko yana da Sida, domin a zamanin nan ita ce babbar ƙofar da cutar ke shigowa ta ciki. Haramun ne kuma maƙwabci ya ga tabo a ƙafar maƙwabcinsa ya yanke masa hukunci a majalisa, alhali ga tsofaffin Biyana da manoman Yuganda sun yi ta tun kafin a san Sidar. Wanda kuwa aka auna aka samu yana da ita, to mara lafiya ne mai haƙƙin a duba shi a suturta shi, kuma malamanmu ba su bar mu cikin duhu ba game da hukuncin mummunan zato da cin naman mutane. Na dage a kan wannan ne don na san abin da ke hana magidanci, musamman wanda ya yi shekaru yana zuwa cirani Kano ko Ikko ko Libiya, ya kai ƙafarsa likita: tsoron bakin mutane ya fi masa tsoron cutar.

To, yaya siffarta take? Takan fara da tabo shimfiɗaɗɗe, wanda bai fi ƙwayar wake ko kwabo ba, mafi yawa a ƙafa: a tafinta, ko a idon sawu, ko tsakanin yatsu, ko a ƙwauri. Littattafan Turawa suna cewa launinsa ja ne ko shunayya, amma wannan a farar fata ke nan. A fatarmu yakan fito da duhu fiye da sauran jiki, launin makuba ko baƙi mai ɗan shuɗi, har mai shi ya zaci taruwar jini ce ta tuntuɓe ko ta bugun galma. Bambancinsa da taruwar jini shi ne ita takan canja launi ta washe cikin mako biyu ko uku, shi kuwa yana nan daram, wata ya bi wata, sai ma ya yi kauri ya taso, ya zama ƙullutu, waɗansu su fito kusa da shi. Idan an danna shi da yatsa launinsa ba ya gushewa. Mafi hatsari a cikin siffofinsa ita ce wadda ta fi kama da alheri, wato da farko ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ba ya sa zazzaɓi. Mu kuwa mun saba auna girman cuta da zafinta, har mutum ba ya cewa ba shi da lafiya sai ya kasa zuwa gona.

Ba a ƙafa kaɗai yake tsayawa ba. A jikin mai raunin garkuwa yakan fito a kan hanci, da bayan kunne, da fatar ido, da ƙirji, da al'aura. Akwai kuma wuri guda da mutane ba su dubawa, likita kuwa ba ya barinsa: cikin baki, a ganɗa da dasashi, inda tabon yake fitowa jawur ko shunayya sosai, domin can babu duhun fata da zai rufe shi. Tabon baki yana da muhimmanci fiye da girmansa, saboda sau da yawa yana nuna cewa cutar ta riga ta sauka cikin ciki ko hanji, inda takan yi ta zubar da jini a ɓoye, mutum ya yi ta ɗashewa, bayan gidansa ya yi baƙi. Idan ta toshe hanyoyin farin ruwan nan da na ambata, sai ƙafa ta kumbura tun daga sawu har cinya, wani lokaci har da maraina ko fuska, kumburi mai tauri wanda yatsa ba ya lotsawa a cikinsa, har takalmi ya ƙi shiga, tafiya ta gagara. A nan ne ciwo ke zuwa, ƙulluttan su fashe su zama gyambo mai wari. Mafi tsanani duka shi ne ta kama huhu, mutum ya yi ta tari da haki, wani lokaci da jini a majina, a yi ta ba shi maganin tarin fuka ba sauƙi. A yara kuwa takan zo da wata fuska dabam, wato kumburin kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, ko da babu tabo ko ɗaya a fata, kuma tana saurin tsananta.

Kada wanda ya ji wannan ya duba ƙafarsa ya yanke wa kansa hukunci. A ƙasarmu ta Sahel akwai abubuwa da dama masu kama da ita: akwai kumburin ƙafar nan da ƙaya ke jawowa, mai huda-huda yana fitar da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe ko jajaye ko farare, akwai tundurmi, akwai kuturta, akwai wata baƙar sankara ta tafin ƙafa wadda asalinta dabam ne, har akwai wata cuta da ta yi kama da Kaposi ƙwarai, alhali maganin ƙwayoyin cuta na 'yan watanni yana warkar da ita sarai. Jan tabon nan kuma mai taushi da ke fitowa jarirai a makonninsu na farko, galibinsa ba sankara ba ne, yakan girma ya tsaya ya shuɗe da kansa, ko da yake ya kamata ma'aikacin lafiya ya gan shi. Gogaggen lokotoro ma da ido kaɗai yakan yi kuskure, don haka tabbaci ba ya samuwa sai an kashe wurin da allura, an ɗebi ɗan nama da bai fi ƙwayar dawa ba, an duba shi a madubin likita.

Na san maganar da ke yawo, cewa wai daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya bazu. Asalin wannan magana, a ganina, shi ne ba a kai mara lafiya asibiti sai cutar ta riga ta gama jiki, in ya rasu bayan aiki sai a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Abin mamaki, waɗanda ke tsoron allurar likita su ne ke miƙa wa wanzami ƙafar ya yi tsaga, ko ya kafa ƙaho, ko a yi sakiya, don a fitar da abin da ake kira mataccen jini. Ina girmama wanzamai, sana'arsu ta gado ce, amma wannan tabo curin jijiyoyin jini ne. In an tsaga shi jini zai yi ta zuba, gyambo ya zauna, cutar kuwa tana nan. Manyan likitocin Musulunci na da, irin su Abul Ƙasim Azzahrawi na Ƙurɗuba da Ibn Sina, sun yi ittifaƙi cewa sankara tun tana ƙarama ake cin mata, in ta daɗe ta yi jijiya sai ta gagari mai magani; ba su san ƙwayar cuta ba, amma a wannan batu likitocin yau ba su saɓa musu ba.

Wani gargaɗin kuma ya shafi masu tallan magani a ranar kasuwa. Ƙwayoyin nan na sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da waɗansu na ciwon gaɓɓai, da yawancin mayukan bilicin, akwai mai ɗauke da sinadarin da ke danne garkuwar jiki, irin su dekisametazon. Likitoci kuwa sun tabbatar irin wannan sinadari yana hura wa sankarar Kaposi wuta. Mutumin da ya ga yana ramewa ga tabo a ƙafa, ya sayi sha-ka-fashe don ya rufe bakin masu magana, ya taimaki cutarsa da kuɗinsa.

Yanzu sai tambayar da kowa ke jira: ana warkewa? Hukumar binciken sankara ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum wajen 34,000 suka kamu da sankarar Kaposi a duniya, wajen 15,000 suka rasu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na masu kamuwar a Afirka suke, galibi gabashi da kudanci. Mu a Nijar, inda masu Sida ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na baligai ba, ba ta yi yawa haka ba. Aƙibar mai ita kuwa likitoci suna auna ta da abu uku, wato iyakar inda tabon ya kai, da ƙarfin garkuwar da ta rage, da ko akwai wata cuta tare da ita, kamar tarin fuka ko rama mai tsanani. Wanda tabonsa bai wuce fata ba, kaɗan ne, babu kumburi, idan Sida ce sababi, sau da yawa maganin Sidar kaɗai ya isa: garkuwa ta farfaɗo, tabon ya tsaya, ya lafa, ya dusashe a hankali cikin watanni, ya bar ɗan duhu a fata. Tun da aka fara haɗa magungunan Sida a 1996 cutar ta ragu ainun a ƙasashen da suka same su, kuma a Nijar kyauta ake ba da su tun 2004. Sai dai a sani, a makonnin farko na shan magani tabon yakan ƙara kumbura a jikin waɗansu, domin garkuwar da ta farka ta shiga yaƙi. Wanda ya ga haka ya koma wurin likita da sauri, kada ya ce magani bai karɓe shi ba ya ajiye.

Wanda kuwa cutar ta kumbura masa ƙafa, ko ta cika baki, ko ta shiga hanji ko huhu, to sai an haɗa masa da maganin sankara na ƙarin ruwa. Wani babban gwaji da aka yi a Kenya da Malawi da Yuganda da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu da Barazil, aka bayyana sakamakonsa a 2020, ya nuna maganin da ake kira pakilitaksel ya fi waɗanda aka saba bayarwa amfani. Da yawa sukan sami sauƙi, kumburi ya saɓe, su koma sana'a. Amma gaskiya ita ce ƙwayar ba ta fita daga jiki, cutar tana iya dawowa, kuma wanda ta kama wa huhu yana cikin hatsari babba ko da an yi magani. Tsoho mara Sida mai 'yan ƙulluttai a ƙafa shi ya fi kowa kyakkyawan fata, don akan yanke su ko a gasa su da na'urar haske, ya ci gaba da zamansa.

Sankara ta biyun daga cikin waɗanda na ambata, wadda likitoci ke kira anjiyosakoma, ta fi wuyar gani nesa ba kusa ba, ba ta da alaƙa da Sida ko ƙwayar HHV-8, kuma ta fi mugunta. Takan fito a fatar kai ko goshin tsoho kamar ya ƙume da ƙofa, tabon ya yi ta faɗi, ya riƙa zubar da jini in an taɓa. Da yake dattawanmu ba su rabuwa da hula da rawani, sau da yawa mai aski ne zai fara ganinsa, kuma babban taimakon da zai yi shi ne ya janye askarsa ya ce, "Baba, wannan na likita ne." Takan fito kuma a gaɓar da ta yi shekaru a kumbure: a 1948 likitoci biyu a New York, Stewart da Treves, suka bayyana ta a hannun matan da aka cire wa nono saboda sankara, hannun ya daɗe da kumburi, kuma an gan ta a ƙafar masu tundurmi, ko da yake nadiran ne. Akwai wadda ke kama hanta, wadda a 1974 aka gano tana addabar ma'aikatan wata masana'antar roba a Luwisbil ta Amurka saboda iskar sinadarin da suke shaƙa. Tana saurin tafiya huhu, tana dawowa bayan an yanke, kuma ko a ƙasashen da suka fi kowa kayan aiki, wajen mutum ɗaya cikin uku ne ke kai shekara biyar bayan an gano ta. Mafi yawan waɗanda suka kai kuwa su ne waɗanda aka yanke wa ita tun faɗinta bai wuce santimita 5 ba.

Hanyar neman magani daga nan tana da tsawo, ba zan ɓoye muku ba. A fara da likitar da ta fi kusa, wadda ma'aikata ke kira CSI, inda za a duba tabon a auna jini cikin sirri, a ba da sakamako a ranar. Daga nan, in da bukata, a rubuta takarda zuwa asibitin gunduma, sa'an nan babban asibitin ƙasa na Damagaram. Gashi da na'urar haske kuwa sai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram, a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, wadda ta fara wannan aiki a 2021. Waɗansu kuma, saboda kusanci, sukan nufi asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Kowace hanya aka bi, a riƙe takardun awo duka a leda ɗaya, a tafi da kwalayen duk wani magani da mara lafiya ya sha, har na kasuwa da na gargajiya, kada a ji kunyar nuna su. Wanda kuma cutarsa ta wuce a warkar, yana da haƙƙin a rage masa raɗaɗi, a riƙa wanke gyambon da ruwan da aka tafasa aka sa ɗan gishiri, a ɗaga ƙafar bisa matashi, a ci abinci tare da shi, domin sankarar kanta ba ta tsallakawa daga jikinsa zuwa na mai jinyarsa.

Lokacinmu ya cika. Mai tambaya ya kai ta wurin ma'aikacin lafiya na garinsu, ko ya aiko mana da ita mu amsa a shiri na gaba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.